Wa Zai Gaji Gwani? Labarin Manajojin Manchester United

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin wannan jarida mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da sauran masu karatu, bisa wani al'amari da na daɗe ina juya shi cikin raina. Al'amarin kuwa na ƙwallon ƙafa ne, can ƙasar Ingila. Na san wani dattijo zai ce, me ya haɗa mu da wasan samari? To, ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe. Abin da ya dame ni shi ne shugabanci, watau yadda gida ya kan rikice bayan gwani ya sauka, kuma ban san inda wannan abu ya fito fili ƙuru-ƙuru kamar cikin tarihin kulob ɗin nan da a ke kira Manchester United ba.

Da farko ya kamata in bayyana ko wane ne manaja, don wanda bai saba da harkar ba. Kowane babban kulob a Ingila yana da masu shi, watau attajiran da suka zuba dukiyarsu, su ne ke naɗa manaja, su ne kuma ke tuɓe shi. Manaja shi ke horar da 'yan wasa, shi ke zaɓen goma sha ɗaya da za su shiga fili, a da ma shi ke cewa a sayo wane, a sayar da wane. Kulob-kulob ɗin kuwa an jera su rukuni rukuni, kamar azuzuwan makaranta. Kowace shekara na rukuni ɗaya su kan kara da juna gida da waje, wanda ya fi maki ya zama zakaran ƙasa, na kashin baya kuma a mai da su rukunin ƙasa. Wannan ita ce gasar lig. Ban da ita akwai Kofin Ƙalubale, wanda da an ci ka sau ɗaya ka fita, da kuma kofunan da a ke yi tsakanin kulob-kulob na ƙasashen Turai.

Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa wannan kulob a shekarar 1878, suka sa masa suna Newton Heath, sai a 1902 aka sāke masa suna zuwa wanda muka sani. Daga kafa shi zuwa shekarar 2025 ya zama zakaran Ingila sau 20. Amma ga abin mamaki: duk ashirin ɗin nan a hannun mutum uku kaɗai aka samo su. Ernest Mangnall ya ci 2, Matt Busby ya ci 5, Alex Ferguson ya ci 13. Sauran manajojin da suka riƙe kulob ɗin, ga su da yawa, waɗansunsu ma gwanaye ne da suka yi suna a wasu wurare, ko ɗaya bai taɓa ɗauko wa kulob ɗin wannan kofi ba. Kuma kowane ɗaya cikin ukun nan, da ya tafi sai gidan ya shiga fari mai tsawo. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Mangnall ya kama aiki a 1903. Ya ci lig a 1908 da 1911, ya ci Kofin Ƙalubale a 1909, a zamaninsa ne kuma kulob ya ƙaura zuwa filin Old Trafford a 1910. A 1912 ya bar su ya koma wajen maƙwabtansu, Manchester City. Daga 1911 sai da aka yi shekara 41 ba su sāke zama zakaru ba. Suka yi ta fāɗawa rukuni na biyu suna fitowa, bashi ya yi musu katutu, har sai da wani attajiri, James Gibson, ya cece su a 1931. A 1941 kuma jiragen Jamus suka jefa wa filinsu bom, ya zama sai aron filin Manchester City su ke yi, har zuwa 1949.

Cikin wannan hali ne aka ɗauko Matt Busby a 1945. Mutumin Sikotilan ne, ɗan mai haƙar kwal, bai taɓa riƙe kulob ba. Duk da haka sai ya kafa sharuɗɗa waɗanda ba a saba ji ba a wancan zamani. Ya ce a ba shi shekara 5, kuma a sakar masa zaɓen 'yan wasa, da horar da su, da saye da sayarwa. Gibson ya yarda. Busby ya ɗauko Jimmy Murphy ya zama mataimakinsa, suka duƙufa wajen neman yara masu basira tun suna ƙanana, suna renonsu cikin gida. Suka ci Kofin Ƙalubale a 1948, suka ci lig a 1952. Da waɗancan 'yan wasa suka fara tsufa, sai ga yaran da aka rena sun isa, suka ci lig a 1956 da 1957.

Ran 6 ga Fabrairu 1958 jirgin saman da ya ɗauko su daga wasa a Belgired ya tsaya shan mai a birnin Munik na Jamus, garin tashi ya yi hatsari. Mutum 23 suka rasu, 8 daga cikinsu 'yan wasa ne. Busby kansa ya ji ciwo ƙwarai, har aka fid da rai. Ku lura da abin da ya faru a nan, don zan komo kansa. Murphy ba ya cikin jirgin, kuma tun da ya ke ya san kome na gidan ciki da bai, sai ya tattara 'yan yaran da suka rage, ya ƙaro waɗansu, ya kai su har wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a shekarar nan. Ran da gidan ya fi bukatar magaji, akwai magaji a hannu. Busby ya warke ya sāke gini, ya ci lig a 1965 da 1967, sa'an nan a 1968 ya doke Benfica ta Fotugal da ci 4 da 1 ya ɗauki Kofin Zakarun Turai, abin da wani kulob na Ingila bai taɓa yi ba kafinsa.

A 1969, bayan shekara 24, Busby ya ce ya sauka. Amma fa saukar ta baka ce. Aka ba shi muƙamin babban manaja, ya ci gaba da zama cikin ofishinsa. Aka naɗa Wilf McGuinness, yaronsa, mai shekara 31, wanda karaya a ƙafa ta raba shi da wasa tun yana saurayi. Manyan 'yan wasan kulob ɗin sa'o'insa ne, da su aka yi ƙuruciya, tsohon maigida kuma ga shi nan ƙofarsa a buɗe. To, in yaro ya ga an hana shi shiga fili, wajen wa ku ke tsammani zai kai ƙara? McGuinness ya kai su wasan kusa da na ƙarshe har sau uku cikin kofuna, amma a Disamba 1970 aka sauke shi, Busby ya komo ya riƙe har ƙarshen kakar wasa. A 1971 aka ɗauko Frank O'Farrell daga Leicester. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa da ya zo sai ya tarar ana shirya masa wani ɗan ƙaramin ofishi, babban kuwa na tsohon ne, har sai da ya yi magana kana aka ba shi. Shi ma wata 18 ya yi aka sallame shi, bayan Crystal Palace ta lallasa su 5 da nema. A 1974, shekara 6 kacal bayan sun zama zakarun Turai, suka fāɗa rukuni na biyu.

Tommy Docherty, wanda a hannunsa suka fāɗi, shi ya fito da su a 1975, ya ci Kofin Ƙalubale a 1977, aka kore shi cikin shekarar nan bisa wata magana da ba ta shafi ƙwallo ba. Dave Sexton ya yi shekara 4, ya ci wasanni 7 na ƙarshe a jere, duk da haka aka sallame shi a 1981. Ron Atkinson ya ci Kofin Ƙalubale a 1983 da 1985, aka sallame shi a Nuwamba 1986. Manajoji 5 ke nan cikin shekara 17, lig kuwa ko ƙanshinta.

Sa'an nan aka ɗauko Alex Ferguson daga Aberdeen, inda ya ci lig ɗin Sikotilan sau 3, ya kuma doke Real Madrid ya ɗauki wani kofin Turai a 1983. Mutane da yawa sun manta yadda farkon zamansa ya kasance. A 1987 kulob ya ƙare na 11, a 1988 na 2, a 1989 ya koma na 11, a 1990 kuwa na 13. Cikin Satumba 1989 Manchester City ta ci su 5 da 1, 'yan kallo suka yi ta kiran a kore shi, jaridu na zuga su. Masu kulob ɗin, da shugabansu Martin Edwards, da tsohon ɗan wasan nan Bobby Charlton wanda ke cikin daraktoci, suka toshe kunnuwansu. Cikin Janairu 1990 aka ci Nottingham Forest 1 da nema, wani yaron gida, Mark Robins, ya jefa ƙwallon, daga nan aka bi har aka ɗauki Kofin Ƙalubale. A 1993 aka ci lig, bayan shekara 26 ana jira. Busby ya ga wannan rana da idonsa, ya rasu cikin Janairu 1994.

Wani zai ce ai shi ke nan, magani shi ne haƙuri, mai haƙuri ya kan dafa dutse. Ni ban yarda da haka ɗungurungum ba. Haƙuri da wanda ba ya shuka kome hasara ce, ko shekara goma aka ba shi ba abin da zai tsiro. Abin da ya sa masu kulob suka jure da Ferguson shi ne suna ganin aikin da 'yan kallo ba su gani. Ya tarar shan giya ya yi yawa cikin 'yan wasa, ya tashi tsaye a kansa, har ya sayar da waɗansu mashahurai. Ya tarar hanyar neman yara ta lalace, ya ƙara masu yawon dubawa, yana zuwa gidajen iyaye da kansa. Waɗannan yaran, su Ryan Giggs, da Paul Scholes, da David Beckham, da Nicky Butt, da Gary Neville da ƙanensa Phil, su ne suka ɗauki kofuna uku rigis a 1999, har da na Zakarun Turai. Ashe wanda ke naɗa shugaba wajibi ne ya san aikin sosai, har ya iya bambance gonar da ba ta tsiro ba tukuna da gonar da ba a shuka ba.

Ferguson ya sauka a Mayu 2013, bayan shekara 26 da rabi da wasanni 1,500, yana riƙe da kofin lig. Sai ka ce tun da an taɓa shan wuya a 1969, wannan karon za a yi hattara. Ina! Babban jami'in kulob, David Gill, wanda ke ƙulla cinikin 'yan wasa tare da Ferguson, shi ma ya bar aiki a lokacin nan, aka ba Ed Woodward, wanda ƙwarewarsa ta harkar kuɗi ce. Magajin da Ferguson ya nuna, David Moyes, ya yi shekara 11 a Everton, mutum ne mai ƙwazo, aka ba shi kwangilar shekara 6. Da zuwansa sai manyan mataimakan Ferguson, su Mike Phelan, suka tafi, ya kawo nasa. Watau cikin 'yan makonni manaja, da babban jami'i, da masu horarwa, duk aka wayi gari baƙin aikin ne. Moyes bai cika wata 10 ba aka kore shi, kulob ya ƙare na 7.

Daga nan aka shiga neman suna. Aka kawo Louis van Gaal, mutumin Holan, a 2014, ya ci Kofin Ƙalubale a 2016, kwana biyu bayan ya ɗaga kofin aka sallame shi. Aka kawo Jose Mourinho na Fotugal, ya ci kofuna biyu a 2017, aka kore shi a Disamba 2018. Aka ba tsohon ɗan wasansu Ole Gunnar Solskjaer, ya kai su na 2 a 2021, aka sauke shi cikin Nuwamba na shekarar. Erik ten Hag ya zo a 2022, ya ci kofi a 2023, ya ci wani a 2024, aka kore shi a Oktoba 2024. Aka kawo Ruben Amorim, a 2025 kulob ya ƙare na 15. Manajoji 6 ke nan, ban da masu riƙon ƙwarya. Kowanne ya zo da irin wasan da ya ke so, a sayo masa 'yan wasa da miliyoyin fam, kafin su saba a kore shi, na bayansa ya zo ya ce waɗannan ba su dace da tsarinsa ba, a sāke sayo waɗansu. Ko gini ne, in kowane magini ya zo ya rushe na wanda ya gabace shi, yaushe za a yi jinka?

Don kada a ce ai haka abin ya ke ko'ina, bari in kawo labarin abokan hamayyarsu, Liverpool. Bill Shankly ya karɓi wannan kulob a 1959 yana rukuni na biyu. Bai kori masu horarwar da ya tarar ba. Ya jawo su jiki, su Bob Paisley da Joe Fagan, suka mai da wani ɗan ɗakin ajiye takalma majalisarsu, nan su ke zama su tattauna kowane wasa da kowane ɗan wasa, suna kuma rubuta abin da aka yi wajen horo. Da Shankly ya sauka a 1974 aka ba Paisley. Tsohon ya riƙa zuwa filin horo kamar da, 'yan wasa na girmama shi kamar shi ne manaja, sai masu kulob suka daure suka nuna masa ya ja da baya. Abin ya yi masa zafi, mutane da yawa kuma har yau suna ganin ba a kyauta masa ba. Amma Paisley ya sami sarari, cikin shekara 9 ya ci lig sau 6, Kofin Zakarun Turai sau 3. Ya miƙa wa Fagan a 1983, Fagan ya ci kofuna uku a 1984, har da na Turai. Ya miƙa wa Kenny Dalglish a 1985, shi ma ya ci lig sau 3. Gaskiya ne daga 1990 su ma sai da suka yi shekara 30 kafin su sāke cin lig, gama ba tsarin ɗan Adam da ke dawwama. Duk da haka sau uku a jere gwani ya sauka gidan bai girgiza ba.

To, jama'a, ga abin da na gano. Ba na rage wa Busby da Ferguson daraja ko ƙwayar zarra, kowa ya san samun irinsu sai an tona. Amma kowane manomi ya san gero ba ya yin kirki a gindin babbar bishiya. Gwani in ya daɗe, sai aiki duka ya koma cikin kansa, masu gida su miƙe ƙafa su daina koyon aikin, na ƙasa da shi su saba da jiran umurni. Ran da ya tafi sai a ga ashe abin da a ke zato tsarin gida ne, mutum ɗaya ne. Sa'an nan a ɗora wa magaji laifi duka, alhali rabon laifinsa shi ne ƙarami. Na san masu kulob na zamanin nan suna da hanzari, za su ce kuɗin da ke cikin ƙwallo ya yi yawa, shekara ɗaya ba a shiga gasar Zakarun Turai ba hasara ce babba, don haka ba su iya jira. Amsata ita ce su lissafa abin da suka kashe wajen biyan manajojin da suka kora da sayen 'yan wasan da aka watsar, su gani ko gaggawar ta yi araha.

Na ce zan komo kan Jimmy Murphy. Shekara goma sha biyu ya yi yana aiki kafaɗa da kafaɗa da maigidansa, ba a ɓoye masa kome ba, shi ya sa ran da masifa ta auku bagatatan gidan bai rushe ba. A 1969 da 2013 kuwa an san ranar sauka, ga lokaci isasshe, amma aka tashi fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina da roƙo uku ga duk wanda ke riƙe da wani aiki, ko hedimasta ne, ko babban akawu, ko malami mai almajirai. Na ɗaya, tun kana da ƙarfinka ka jawo na ƙasa da kai ka nuna musu yadda a ke yi, ka bar su su yanke shawara a gabanka, ka kuma rubuta abin da ka sani, kada ya bi ka gida. Na biyu, in ranar sauka ta zo ka sauka gaba ɗaya, ka ba da mabuɗi da kujera, in an zo maka da ƙarar magajinka ka mai da mai ƙara wurinsa. Na uku kuwa ga masu naɗi ne. Kada ku sāke kowa da kowa rana ɗaya, kuma in kun naɗa sabo ku riƙa leƙa gonarsa ku ga abin da ya ke shukawa kafin ku saurari masu ihu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wannan shi ne ra'ayina. Na san cikin masu karatu akwai waɗanda suka fi ni sanin wannan harka, in wani ya ga ba haka abin ya ke ba, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita mu ƙaru da juna. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Tsohon Ɗan Kallo